Sadi Carnot: Sojan da ya gano iyakar ƙarfin kowane inji, ya mutu ba a saurare shi ba

A ranar 24 ga Agustan 1832, wani tsohon kyaftin na sojan Faransa mai shekara 36 ya rasu a wani gidan jinya da ke Ivry, a gefen birnin Paris. Kwalara ce ta ɗauke shi, annobar da a shekarar ta kashe mutane sama da 18,000 a Paris kaɗai, har da Firaminista Casimir Périer. Saboda tsoron yaɗuwar cutar, aka hallaka kayansa tare da yawancin takardun da ya shafe shekaru yana rubutawa. Ya bar duniya ba mata ba ɗa, ba kujerar koyarwa a wata jami'a. Abin da ya bari a idon jama'a ɗan littafi ne mai shafi 118, wanda ya buga da kuɗin aljihunsa shekara takwas kafin nan, kuma kusan babu wanda ya damu da shi.

Sunansa Nicolas Léonard Sadi Carnot, ana furta sunan gidan nasu Karno. A yau babu ɗalibin injiniya da zai kammala karatu bai haɗu da wannan suna ba. Injin mota, janareta, firiji, na'urar sanyaya ɗaki da manyan tashoshin wutar lantarki duk suna aiki ne a cikin iyakar da ya fara shatawa. Ya nuna cewa zafin da inji ke zubarwa a banza ba duka ne laifin maƙeri ba. Akwai kason da dole kowane inji ya saki, komai ƙwarewar wanda ya ƙera shi. Yadda wannan magana ta tsira daga halin ko-in-kula, da kuskuren mai ita, da shirun iyalinsa, shi ne tarihin rayuwarsa.

Gidan siyasa da lissafi

An haifi Sadi ranar 1 ga Yunin 1796 a fadar Petit Luxembourg da ke Paris. A lokacin mahaifinsa, Lazare Carnot, yana cikin mutum biyar da ke mulkin Faransa bayan juyin juya hali. Lazare injiniyan soja ne kuma masanin lissafi, shi ne ya tsara rundunonin da suka kare sabuwar jamhuriya daga sarakunan Turai. Yana kuma son adabin Farisa, don haka ya raɗa wa ɗansa sunan Sa'adi na Shiraz, mawaƙin da ya rubuta Gulistan.

Gidan bai san zaman lafiya mai tsawo ba. Sadi na da shekara ɗaya aka yi juyin mulkin da ya tilasta wa uban tserewa daga ƙasar a 1797. Ya dawo ya riƙe ma'aikatar yaƙi a ƙarƙashin Napoleon a 1800, amma bai daɗe ba ya ajiye. Daga baya ya janye daga harkokin gwamnati, ya duƙufa kan koyar da 'ya'yansa biyu, Sadi da ƙanensa Hippolyte wanda aka haifa a 1801. Tun a 1783 Lazare ya wallafa littafi kan yadda injuna ke aiki, inda ya nuna cewa injin da ruwa ke juyawa yana asarar ƙarfi a duk wurin da ruwan ya bugi ƙarfe da gaggawa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: wannan tunani ne Sadi zai ɗauka ya kai shi kan wuta.

A 1812, yana ɗan shekara 16, ya shiga École Polytechnique, makarantar da ke horar da injiniyoyin gwamnati da na soja. A cikin malamanta akwai Poisson da Ampère da Gay-Lussac. A watan Maris na 1814, da sojojin ƙawance suka doso Paris, ɗaliban makarantar suka fita fagen daga a Vincennes, Sadi na cikinsu. Daga nan ya wuce makarantar injiniyoyin soja da ke Metz.

Faɗuwar Napoleon a 1815 ta rufta da gidan. Lazare ya riƙe ma'aikatar cikin gida a kwana ɗarin ƙarshe na mulkin Napoleon, kuma yana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar kashe Sarki Louis na 16. Da masarauta ta dawo sai aka kore shi daga ƙasar. Ya ƙare a Magdeburg ta ƙasar Jamus, inda ya rasu a 1823. Ɗansa ya ci gaba da aikin soja a ƙarƙashin gwamnatin da ke ƙin sunan gidansu. Aka riƙa tura shi daga wannan sansani zuwa wancan yana duba ganuwa yana rubuta rahotanni, ƙarin girma kuma ya yi masa nisa. A 1819 ya samu sauyi zuwa hedikwatar hafsoshi a Paris, ya karɓi hutu da ragaggen albashi. A nan ya samu lokacin kansa. Ya riƙa halartar laccoci a Sorbonne da Collège de France, yana ziyartar masana'antu, ya ƙulla abota da masanin sinadarai Nicolas Clément, wanda ke bincike kan tururi da iskar gas.

Tambayar da ba a yi ba

A wancan zamani injin tururi shi ne ƙashin bayan arzikin Ingila. Thomas Newcomen ya kafa nasa a 1712 don zuƙe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. James Watt ya inganta shi a 1769 ta hanyar ware wurin da tururi ke sanyaya ya koma ruwa. Richard Trevithick da wasu suka zo da injuna masu tururi mai matsi sosai. Faransa tana baya, Carnot kuma yana ganin ƙarfin Ingila a masana'antu da cinikayya ya rataya ne a kan wannan inji.

Asalin aikin injin ba shi da wuyar fahimta. Idan ruwa ya kai digiri 100 a ma'aunin Selshiyos, a matsin iska na yau da kullum, zafinsa ba ya ƙara hawa komai ƙarfin wuta. Duk abin da wutar ke bayarwa yana tafiya ne wajen mayar da ruwan tururi. Joseph Black na Sikotland ne ya bayyana wannan ɓoyayyen zafi a shekarun 1760. Tururin kuwa yana cin wuri kusan ninki 1,700 na ruwan da ya fito daga gare shi. Wannan kumbura ce ke tura fistan a cikin silinda, fistan ya juya ƙafa, ƙafa ta ja famfo ko masaƙa.

Injiniyoyi sun san duk wannan, amma da gwaji da kuskure suke inganta injunansu. Wasu na ganin a sauya ruwa da barasa ko iska a samu ƙarin ƙarfi. Carnot ya ja baya ya yi tambayoyi biyu da suka shafi kowane irin inji: shin aikin da za a iya samu daga zafi yana da iyaka? Kuma shin akwai wani abu da ya fi tururi iya fitar da wannan aiki?

Abin da littafin ya ƙunsa

A watan Yunin 1824 kamfanin Bachelier ya fitar da littafinsa, Réflexions sur la puissance motrice du feu, wato tunani a kan ƙarfin motsi da ke cikin wuta. An buga kwafi 600, ana sayar da kowane a faran uku. Marubucin na da shekara 28.

Abu na farko da ya kafa shi ne, zafi kaɗai ba ya tayar da inji, sai an samu sanyi a ɗaya gefen. Ya kwatanta da ruwan da ke gangarowa daga tudu yana juya injin niƙa. Yawan ruwa ba ya wadatarwa idan babu gangare. Haka zafi yake yin aiki idan yana sauka daga wuri mai zafi zuwa wuri mai sanyi, kuma tazarar da ke tsakanin wuraren biyu ita ce gangarensa. Kamar yadda uban ya nuna bugun ruwa asara ne, ɗan ya nuna cewa duk inda abu mai zafi ya taɓa mai sanyi kai tsaye, zafi ya tsallaka bai tura komai ba, an yi asarar da ba ta dawowa.

Daga nan ya ƙirƙiri wani inji a cikin tunani, marar gugar ƙarfe, marar yoyo, mai gas a cikin silinda. Ya dogara da ɗabi'ar gas da kowa zai iya lura da ita. Idan aka matse shi da sauri yana ɗaukar zafi, kamar yadda famfon keke ke ɗumi a hannu. Idan aka bar shi ya buɗe yana tura wani abu, sai ya yi sanyi. Zagayen injin mataki huɗu ne. Da farko a jingina silinda da wuri mai zafi, gas ya buɗe a hankali yana shan zafi yana tura fistan, matakin zafinsa bai sauya ba. Na biyu, a raba shi da wutar ya ci gaba da buɗewa shi kaɗai, har ya huce ya yi daidai da wuri mai sanyi. Na uku, a jingina shi da wurin sanyin a matse shi a hankali, ya amayar da zafi a can. Na huɗu, a raba shi da sanyin a ci gaba da matsewa, har ya koma zafinsa da girmansa na farko. An samu riba saboda gas mai zafi ya tura fistan da ƙarfin da ya fi wanda aka kashe wajen matse shi yana da sanyi.

Sirrin wannan inji shi ne ana iya juya shi baya. Idan aka ba shi aiki daga waje, zai kwashi zafi daga wuri mai sanyi ya kai wuri mai zafi, wanda shi ne aikin firiji a yau. Da wannan Carnot ya gina hujjarsa. A ce akwai injin da ya fi nasa. Sai a haɗa su, mafificin ya riƙa juya nasa baya. Zafin da ya sauko zai koma sama gaba ɗaya, a kuma samu rarar aiki, har abada, ba tare da an ƙona komai ba. Wannan shi ne injin da ba ya tsayawa, wanda Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina karɓar ikirarin ƙera shi tun 1775. Tunda hakan ba ya yiwuwa, babu injin da zai wuce nasa. Amsar tambayoyinsa biyu ta fito ke nan: aikin yana da iyaka, kuma iyakar ba ta damu da ko tururi ne ko iska ko barasa ba. Matakin zafin wuraren biyu ne kaɗai ke yanke hukunci.

Waɗanda suka biyo bayansa ne suka mayar da wannan lissafi mai sauƙi. Ana auna zafin daga sifiri na haƙiƙa, wato digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Injin da ke karɓar tururi a digiri 100 yana zubar da zafi a digiri 30 ba zai taɓa mayar da fiye da kusan kashi 19 cikin 100 na zafinsa aiki ba. Idan tururin ya kai digiri 550, iyakar za ta haura zuwa kusan kashi 63. Shi ya sa tarihin injuna tun daga lokacin ya zama tseren neman ƙarfen da zai jure zafi. Carnot da kansa ya ƙiyasta cewa mafi kyawun injunan zamaninsa suna cin moriyar kusan kashi ɗaya cikin 20 ne kawai na ƙarfin da ke cikin kwal.

Akwai kuskure a gindin littafin. Carnot ya bi ra'ayin da Lavoisier ya yaɗa, cewa zafi wani ruwa ne marar nauyi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A bisa wannan, duk zafin da ya shiga inji yana fita ta ɗaya gefen cikakke, kamar ruwan gangare. Gaskiyar ita ce wani kaso yana ɓacewa ya zama aiki. Sai dai hujjar juya inji baya ba ta rataya a kan wannan ra'ayi ba, shi ya sa ta tsaya bayan ra'ayin ya faɗi.

Shiru, sannan mutuwa

An gabatar da littafin a Cibiyar Kimiyya a watan da ya fito. Injiniya Pierre-Simon Girard ya yi masa sharhi mai yabo. Daga nan sai shiru. Masana lissafi sun ga babu isassun alƙaluma a ciki, don ya rubuta shi ne yadda mai sana'a zai gane. Masu ƙera injuna kuwa ba su ga abin da inji na cikin tunani zai ƙara musu ba. Shi ma marubucin mutum ne mai kamewa, ba ya tallar kansa. Abokansa kaɗan ne, nishaɗinsa goge da motsa jiki.

A 1827 aka sake kiransa bakin aiki, ya zauna a Lyon da Auxonne. A 1828 ya ajiye kaki ya koma Paris. Ya yi maraba da juyin juya halin Yulin 1830, amma bai karɓi wani muƙami ba. Ya ci gaba da bincike kan alaƙar matsi da zafi a cikin gas. A tsakiyar 1832 zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje ya kwantar da shi, ciwon kuma ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. A watan Agusta aka kai shi Ivry, inda ajali ya same shi.

Yadda aka tono littafin

Shekara biyu bayan rasuwarsa, Émile Clapeyron, wanda shi ma ya yi Polytechnique, ya sake rubuta hujjar da harshen lissafi, ya zana zagayen a kan jadawalin matsi da girman gas. Ta wannan maƙala ta 1834 ce wani matashi daga Glasgow, William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya ji labarin Carnot. A 1845 yana Paris yana aiki a ɗakin gwajin Victor Regnault, ya bi shagunan littattafai yana neman littafin. Masu shaguna suka riƙa miƙo masa rubuce-rubucen Hippolyte kan al'amuran zamantakewa, domin shi ne Carnot ɗin da suka sani. Sai a ƙarshen 1848 ya samu kwafi daga hannun Farfesa Lewis Gordon. A shekarar ce ya gina ma'aunin zafi na haƙiƙa a kan ƙa'idar Carnot, ma'aunin da yau ke ɗauke da sunan Kelvin.

Gwajin da ya tabbatar da ƙa'idar ya zo ta ƙanƙara. Ruwa yana kumbura idan ya daskare, shi ya sa kwalba cike ke fashewa a firiza. Yayan William, James Thomson, ya lura cewa wannan kumbura na iya tura fistan. Don kada a samu aiki kyauta, hujjar Carnot ta tilasta cewa matsi ya rage matakin da ruwa ke daskarewa. A 1849 ya lissafa ragin: kusan digiri 0.0075 kan kowane ninki ɗaya na matsin iska. A 1850 William ya gwada, awon ya yi daidai da lissafin. Tunanin da aka yi kan injin tururi ya faɗi abin da ƙanƙara za ta yi tun kafin a auna. Daga tushe guda aka fitar da ƙa'idar da ke haɗa matsi da tafasa, wadda ke bayyana dalilin da ruwa ke tafasa a kusan digiri 96 a kan tsaunin Jos, da dalilin da tukunyar matsi ke kai shi kusan digiri 120 ta dafa wake da wuri.

Saura a warware rikici ɗaya. James Joule a Manchester da Robert Mayer a Jamus sun nuna a shekarun 1840 cewa zafi da aiki suna rikiɗa zuwa juna. Rudolf Clausius ne ya sulhunta su da Carnot a 1850: wani kaso na zafin yana zama aiki, sauran kuma dole ya sauka zuwa wuri mai sanyi. Daga nan aka samu doka ta biyu ta ilimin zafi da aiki, kuma a 1865 Clausius ya raɗa kalmar entirofi. Rudolf Diesel ya ji labarin zagayen Carnot a laccocin Carl von Linde a Munich, ya kuma wallafa tsarin injinsa a 1893 da burin kusantar wannan iyaka.

Abin da ya kwana a akwati

Ba duk takardun Sadi suka hallaka ba. Wasu sun rage a hannun Hippolyte, wanda ya zama ɗan siyasa har ya riƙe ma'aikatar ilimi a 1848. Bai fito da su ba sai a 1878, shekara 46 bayan rasuwar yayansa, lokacin da ya miƙa su ga Cibiyar Kimiyya aka buga su tare da sabon bugun littafin. Abin da ke ciki ya ba masana mamaki. Sadi ya riga ya yi watsi da ra'ayin cewa zafi ruwa ne. Ya rubuta wa kansa cewa zafi motsi ne na ƙananan ƙwayoyin abu, kuma ƙarfin motsi ba ya ɓacewa, kamanni yake sauyawa. Ya tsara gwaje-gwaje masu kama da waɗanda Joule ya yi daga baya. Ya ma ƙiyasta cewa zafin da zai ƙara wa kilo ɗaya na ruwa digiri ɗaya daidai yake da aikin ɗaga kilo 370 tsawon mita ɗaya. Adadin da aka amince da shi yau kusan 427 ne. Ya kai nan aƙalla shekara goma kafin Mayer, amma a lokacin da takardun suka fito wasu sun riga sun gano abin, sunayensu kuma sun shiga littattafai.

Tarihin da Hippolyte ya rubuta a 1878 shi ne tushen kusan duk abin da aka sani game da halayen Sadi, kuma ya tsallake abu ɗaya. Bai faɗi cewa gidan jinyar Ivry na likita Esquirol ne, mai kula da masu taɓin hankali ba. Sai a shekarun 1970 masanin tarihi Arthur Birembaut ya fito da takardun da suka nuna an kwantar da shi a can ne saboda rikicewar hankali. A lokacin da Hippolyte ke rubutu gidan Carnot na kan hawa a siyasa. Ɗansa, wanda ya raɗa wa sunan marigayin, ya zama shugaban Faransa a 1887, aka kuma kashe shi da wuƙa a Lyon a 1894. Titunan da ke ɗauke da sunan Sadi Carnot a garuruwan Faransa galibi na shugaban ne.

Na injiniyan kuwa yana cikin injuna. Zafin da ke fita daga salansar janareta, da lagireton da mota ba ta tafiya sai da shi, da ɗumin da ke bayan firiji, duk kason nan ne da Carnot ya ce dole a saki. Firijin da aka bari a buɗe ɗumama ɗaki yake yi, domin abin da yake zubarwa ta baya ya fi abin da yake kwashewa ta gaba. Duk wanda kuma aka tallata wa janaretan da ke ba da wuta har abada ba mai, ba rana, ba caji, ana sayar masa ne da abin da hujjar 1824 ta ginu a kan rashin yiwuwarsa. Shekara 200 sun wuce ana ƙera injuna iri-iri, kuma babu ko ɗaya da ya ƙetare iyakar da ke cikin ɗan littafin nan na faran uku.